Balan-balan a Tagar Madam Iren

A duk shekarun da na yi a wannan aiki, akwai ranar da ba ta taɓa barin raina ba: ranar da na zauna a wani ƙaramin ɗaki a Paris, na kunna wa wata tsohuwa fim ɗin da mahaifinta ya zana da hannunsa, na ga annurin fuskarta ya ɗauke a gabana. Ku da kuka shigo aikin nan ba da jimawa ba, musamman 'yan uwanmu na gida, ina so ku ji yadda abin ya kasance.

Ga wanda bai san mu ba, ma'aikatarmu a birnin Lyon na ƙasar Faransa take, kuma aikinta gyara tsofaffin takardu da adana su: taswira, hotunan talla na bango, takardun gado da makamantansu. Ni Isufu, karatuna bai wuce kolej ba a Damagaram. Na shigo nan a matsayin mai ɗaukar kaya da jera su a sito, bayan na sha ɗora kwali a manyan ɗakunan ajiya na Vénissieux, a gefen Lyon. Daga baya shugabarmu, Madam Kler, ta koya mini aikin sikana, wato na'urar da ke ɗaukar hoton takarda ta zuba shi a ordinata, wato kwamfuta. Tun da aka ba ni wannan kujera kaina ya ɗan kumbura, wannan ba zan ɓoye muku ba. Na zama mutumin da ba ya son a ji yana tambaya, don kada a tuna cewa daga sito ya fito.

Dokarmu game da tarin takardu a bayyane take, kuma doka ce mai kyau. Yadda ka sami tari, haka za ka bar shi, ba a sake masa tsari. Ka wanke hannu, ka ɗauki takardar sama, ka rubuta mata lamba ta ɗaya a baya da fensir mai laushi, ka ɗauki hotonta, ka kife ta gefe. Sai ta biyu, sai ta uku, har ka kai ƙasa. Da littafi, da fayil na ofis, da tarin wasiƙu, duk haka ake yi musu, domin abin da ke sama shi ne farko.

Wata shekara, a farkon sanyi, aka kawo mana wani akwatin katako daga Paris. Mai shi wata tsohuwa ce, Madam Iren, wadda ta doshi shekara casa'in. Za a mai da ita gidan tsofaffi, ana kwashe kayanta, sai ta ce wannan akwati a ba masu adana takardu, amma da sharaɗi: tana so ta ga abin da ke ciki yana motsi kafin ta bar gidanta.

Madam Kler ce ta ba ni tarihin mai akwatin na asali, wato mahaifin Madam Iren, a taƙaice. Yana cikin mutanen farko da suka yi fim ɗin zane a Paris, abin da yaranmu ke kira desen anime, tun lokacin da majigi ba shi da murya. Ya fara da zanen barkwanci a jaridu, daga nan ya koma yi wa 'yan kasuwa gajerun finafinan talla, na sabulu da man takalmi, da ake nunawa kafin babban fim. Shi kaɗai yake zane, shi yake ɗaukar hoto. Da aka fara sa murya a fim, kuma manyan kamfanoni masu ma'aikata da yawa suka cika kasuwa, sai aikinsa ya mutu. Ya bar matarsa da 'yarsa ƙarama a Paris, ya zo Lyon yana zana furanni ga masu saƙar siliki, da alkawarin zai koma. Bai koma ba. A nan ya yi ciwo ya rasu, mai gidan da yake haya ta aika da akwatin ga matarsa. Matar ta ɗora shi a kan kabad, ta hana a taɓa. 'Yar ma ta girma, ta tsufa, ba ta buɗe ba.

Da muka buɗe, sai ga takardu ɗaruruwa, sirara, an ɗaure su da zare, kowace da huda biyu a gefen sama. Babu lamba ko a ɗaya. Na ɗauki ta sama: wata yarinya ce a tagar ɗakin saman soro, ga wani mutum mai hula a cikin kwandon balan-balan, irin babban nan da ake hura wa iska mai zafi ya tashi da mutane, ya miƙo hannu ya riƙe nata. Na ɗauki ta biyu: hoton dai shi ne. Ta uku, shi ne. Na ce wa Madam Kler, "Wannan bawan Allah bai da aikin yi ne? Abu ɗaya yake ta maimaitawa."

Ta yi dariya ta ce, "Duba yatsun, Isufu."

Na haɗa biyu na ɗaga su ga fitila. Ashe yatsun sun matsa da kamar faɗin gashin kai. Ta ce kafin a sami motsi na ƙiftawar ido, sai an zana hoto fiye da goma. Daga wannan lokaci abin ya shiga raina. Da can ina ganin irin waɗannan finafinai wasan yara ne, ko kallonsu ba na tsayawa yi idan 'ya'yana sun kunna. Yanzu ga ni ina ɗaga takarda ina tambayar kaina: ta yaya ya san inda hannu zai kai a takarda ta gaba? Me ya hana tagar ta girgiza? Hudar nan ta mece ce? Tambayoyin suna cikina fal, amma ban fitar da ko ɗaya ba. Na bi doka, na fara daga sama, na yi ta lambatawa har na kai ƙasa.

Da aka jera hotunan a ordinata suka gudu, duk ma'aikata suka taru a bayana. Fim ɗin gajere ne ƙwarai. Mutumin yana riƙe da hannun yarinyar, sai yatsu su rabu, balan-balan ya ja da baya ya hau sama, ya yi ta ƙanƙancewa a kan rufin gidajen Paris har ya zama ɗigo, ɗigon ma ya ɓace. Yarinya ta rage ita kaɗai a taga. Madam Kler ta ce, "Ban-kwana ya zana mata." Duk muka yarda, don ya yi daidai da tarihin da muka sani.

Ni aka aika Paris da ordinata ta hannu. Na hau jirgin ƙasa, na sauka, na shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na hau matattakala mai tsawo zuwa saman wani tsohon gida. Wadda ta buɗe mini ƙofa ta dube ni sama da ƙasa, sai na ji ta ce da Hausa, "Wannan goshin ba na nan ba ne. Daga ina?"

Hajiya Rabi ke nan, mutuniyar Maraɗi, tana zaune a Bobigny, a gefen Paris, ita ke zuwa kullum ta yi wa tsohuwar wanka da girki. Muka gaisa sosai a bakin ƙofa, da gida, da iyali, da sanyi. Da ta ji Damagaram sai ta ce, "Af, shi ya sa ka shigo da ƙafa kamar gwamna. Cire takalmin, Malam, yanzu na goge ƙasa."

Madam Iren tana zaune a kujera kusa da taga, ta yi kwalliya, har da jan baki. Kwalaye sun kewaye ta. Ta ce in zauna kusa da ita. Na kunna. Ta kalla har ƙarshe ba ta motsa ba. Na tambaye ta ko in sake. Ta ce a'a. Can ta ce, "Ashe ko a takarda ma tafiya ya yi." Ta yi mini godiya cikin ladabi, ta ce wa Hajiya tana so ta kwanta.

Na komo Lyon ina ganin na gama aikina. Bayan 'yan kwanaki ina gida a unguwar Minguettes sai waya ta yi ƙara. Hajiya Rabi ce, kuma gaisuwar ba ta yi tsawo ba.

"Malam Isufu, mi kunka nuna wa tsohuwar nan?"

"Abin da ta ce a nuna mata, Hajiya."

"To tun ranar ba ta cin abinci. Miya in kai, in ɗauko. Burodi ta gutsira ta aje. Likita ya zo ya ce in ba ta ci ba asibiti za a kai ta, ba gidan tsofaffi ba. Matar da ke faɗa da ni kan gishiri, yanzu ko magana ba ta yi. Shekara da shekaru tana cewa wataƙila babanta ya bar mata magana a akwatin nan. Kun zo kun ce mata maganar ita ce sai wata rana."

Na ce, "Hajiya, mu ba mu ƙara komai ba, ba mu rage ba."

Ta ce, "Ni ban san ƙari da ragi ba. Ku masu ilimin takarda ku nemo abin da za ku faɗa mata. Ko alama guda ce da ke nuna yana son ta, ku nemo."

Washegari na faɗa wa Madam Kler. Ta ce ita takarda ta sani, ba fim ba, amma akwai wani dattijo, Mushe Andre (Mushe shi ne Malam na Faransawa), da ya yi rayuwarsa yana zanen finafinai da hannu kafin ordinata ta karɓe aikin. Ya yi ritaya, yana koya wa mutane zane a wani ɗakin unguwa a La Guillotière, nan cikin Lyon. Ta ba ni izini in buga kofe na hotunan a takarda in kai masa, ko zai ga wani abu game da mai zanen da mu ba mu gani ba. Asali ba ya fita daga ma'aikata, wannan ma doka ce. Na buga, na jera su daidai yadda suka zo a akwati, na kama hanya.

Na sami Mushe Andre ɗan gajeren tsoho, yatsunsa duk baƙin fensir. A gabansa, tun da babu abokan aikina, bakina ya buɗe. Na tambaye shi hudar nan. Ya nuna mini teburinsa: gilashi ne da fitila a ƙarƙashi, da ƙusoshi biyu a sama. Ya ce a nan ake saka takarda don kada ta goce, shi ya sa tagar ba ta girgiza. Na ce to ta yaya mutum ke sanin inda hannu zai kai? Ya ce, "Ka zana na farko, ka bar shi a wurin. Ka ɗora sabuwar takarda a kansa, haske ya nuna maka na ƙasa, ka matsar da hannun kaɗan. Ka sake ɗora wata. Haka har ka gama."

Yana magana ya karɓi tarin daga hannuna. Bai ko dubi ta sama ba. Ya riƙe gefen sama da hannun hagu, ya sa babban yatsan dama a ƙasan tarin, ya lanƙwasa, ya fara sakin takardun daga ƙasa suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Na leƙa ta kafaɗarsa.

Yarinya ita kaɗai a taga. Sai ɗigo ya bayyana a sama. Ɗigon ya girma, ya zama balan-balan, ya sauko a kan rufin gidaje, mutum mai hula ya miƙo hannu, yarinya ta miƙa nata, suka riƙe.

Na ce, "Mushe, ka juya shi. Daga ƙarshe ka fara."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wa ya juya? Ba yanzu na gaya maka ba? Kowace sabuwa a kan tsohuwa ake ɗora ta. Na farko yana ƙasa, na ƙarshe yana sama. Duk mai wannan sana'a haka yake ajiye aikinsa, ko a barci ka tashe shi." Ya sake sakin takardun, balan-balan ya sake saukowa. Ya ce, "Mutumin nan ya iya. Dubi yadda kwandon ke rage gudu kafin ya iso. Wa ya ce muku tafiya yake?"

Na ce, "Ni."

A cikin tiram, jirgin ƙasan cikin gari, ina komawa, shaiɗan ya zo mini da shawara. Ya ce ai doka ka bi, kowa ya gani ya yarda, kai ne za ka je ka ce aikinka a kife yake? Na ɗan saurare shi, Allah ya yafe mini. Sai na tuna kwanon miyar da Hajiya ke kaiwa tana ɗaukowa. Na wuce kai tsaye ofishin Madam Kler.

Ta saurare ni har na gama, ta dafe kai. Amma ba ta yi saurin murna ba. Ta ce, "Idan wani ya taɓa juya tarin fa, mai gidan hayar ko matar mai zanen? Ba za mu koma wa tsohuwa da labari mai daɗi don kawai muna so ya zama gaskiya ba. Sai takardar da kanta ta faɗa." Ta yi tunani, ta sa in sake maimaita mata yadda Mushe Andre ya ce ake ɗora takarda a kan takarda. Sai ta ce in ɗauko asalin.

Ta rage hasken ɗakin, ta kwantar da wata ƙaramar fitila a gefen tebur yadda haske zai shafi fuskar takarda a kwance. Da haka muke ganin lanƙwasa da karce da ido ba ya gani. Ta ce idan mutum ya danna fensir a takardar sama, dole ya bar sawu a ta ƙasa. Ta sa takardar da ta fito daga can ƙasan akwati, mai yarinya ita kaɗai da sararin sama fayau. Muka sunkuya. A tsakiyar farin saman nan, inda babu ko ɗigon fensir, ga wani ɗan rami kamar na tsinin allura. Ta ɗauko takarda ta biyu daga ƙasa: ɗigon farko yana daidai wurin. Muka ci gaba. Kowace takarda tana ɗauke da sawun balan-balan da ya fi nata girma kaɗan. Da muka zo kan ta sama, mai hannu cikin hannu, sumul take, babu sawun komai. Ba a zana wani abu a kanta ba. A nan ya ajiye fensir.

Na koma Paris. Hajiya Rabi ta buɗe ƙofa ta ce, "Ɗan Damagaram, in wani baƙin cikin ka kawo, koma da shi tun daga nan."

Na ce, "Hajiya, bari dai in cire takalmi."

Madam Iren tana kwance, ta rame, babu jan baki. Na tsaya a gabanta na yi bayani da Faransancina na sito. Na ce mahaifinta ya ajiye aikinsa irin ajiyar masu sana'arsa, ni kuma na karanta shi irin karatun masu sana'ata, sai na nuna mata shi daga ƙarshe zuwa farko. Na ba ta haƙuri. Ta ce, "Kun tausaya wa tsohuwa kun juya mata fim, ko?" Na nuna mata hoton da muka ɗauka na ɗan ramin nan a farin sama, na gaya mata yadda aka same shi. Ta sa Hajiya ta kawo mata tabarau, ta daɗe tana duba. Sannan ta ce in kunna.

Ɗigo ya fito, ya girma, ya sauko. Hannu ya kama hannu.

Ta ce, "Sake."

Na sake. Ta ce in tsayar da shi a hoton ƙarshe. Ta kalle shi, ta kalle shi, hawaye na bin gefen hancinta. Sai kuma ta yi wata 'yar dariya ta ce, "Mahaifiyata kullum tana cewa mutumin nan bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba. To ga shi, sai da na tsufa na gama sannan ya iso." Ta juya ga Hajiya ta ce, "Rabi, me kika dafa? Kada ki ce mini miyar nan ce marar gishiri."

Hajiya ta nufi kicin tana cewa da Hausa, "Alhamdu lillahi, faɗa ya dawo."

Madam Iren ta koma gidan tsofaffi da ƙafarta. Ni kuma na zauna na bi takardun nan ɗaya bayan ɗaya, na ƙara wa kowace lambarta ta gaskiya a gefen tawa. Madam Kler ta ce kada in goge ta farkon, domin ita ma ta shiga tarihin takardar. Tana nan har yau, duk wanda ya buɗe akwatin zai gan ta.

Dokarmu ba ta canza ba, har yanzu daga sama muke farawa, kuma ku ma haka za ku yi. Amma an ƙara mata abu guda. Kafin fensirinka ya taɓa bayan takarda, ka tambayi kanka wace sana'a ce ta tara waɗannan, kuma yaya masu ita suke ajiye aikinsu idan sun tashi. Akawu da tela da mai zane ba ajiya ɗaya suke yi ba. Idan ba ka sani ba, akwai wani tsoho a wata unguwa da hannunsa ya sani, ka je ka tambaye shi. Kuma kada ku yi irin nawa, ku riƙe tambaya a ciki don kunyar a ce ba ku da karatu. Takardun da ke zuwa teburinmu yawanci masu su sun mutu, ba za su tashi su ce mun karanta su a kife ba. Wanda zai ɗauki nauyin kuskurenmu yana raye, yana zaune a wani ɗaki yana jiran abin da za mu kawo masa.